Tambayoyinku: Yadda ake magana a gaban jama'a har su amince

Wasiƙun da suka iso mana a wannan karon yawancinsu a kan abu ɗaya suke: mutum yana da magana mai amfani, amma idan ya miƙe a gaban jama'a ba ta shiga. Mun zaɓi guda shida.

Assalamu alaikum. Ni ne sabon sakataren ƙungiyar manoma a yankinmu, mu 40 ne. Ina so in shawo kan 'yan ƙungiya kowa ya kawo naira 20,000 mu sayi taki a dunƙule tun kafin damina. Matsalar ita ce shekarun baya an taɓa tara kuɗi suka salwanta a hannun shugabannin da suka gabata. Minti goma za a ba ni. Me zan ce? — Wani manomi daga ƙasar Funtuwa

Wa alaikumus salam, Malam. Ka fara sanin cewa amfanin sayen taki da wuri ba shi ne abin da za ka sha wahalar bayyanawa ba. Kowane manomi a wajen ya san farashi yana hawa idan ruwa ya sauka. Abin da ke ransu shi ne: wa zai riƙe kuɗin, kuma me zai hana abin da ya faru a baya ya sake faruwa? Idan ka ƙarar da mintinka goma kan falalar taki, ka amsa tambayar da ba wanda ya yi maka.

Masanin nan na ƙasar Girka, Aristotil, ya rubuta tun a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) cewa abu uku ke sa magana ta karɓu: halin mai maganar, yanayin zuciyar masu sauraro, da hujjar kanta. Ya kuma ce mutane suna auna mai magana da ma'auni uku: ya san abin da yake faɗa? Mutumin kirki ne? Yana nufin mu da alheri? Idan ɗaya ya rushe, sauran biyun ba sa tsayawa. Masani mai cin amana ba a bin sa, haka ma mai amanar da bai san lissafi ba. A tarihinmu ma akwai darasi. Ranar da Manzon Allah (SAW) ya hau dutsen Safa ya kira Ƙuraishawa, kafin ya isar da saƙo sai da ya tambaye su ko za su gaskata shi idan ya ce akwai mahaya a kwari suna shirin kai musu hari. Suka ce za su gaskata, domin ba su taɓa jin ƙarya daga gare shi ba. Shaidar shekarun da ya yi a cikinsu ya fara gabatarwa. Duk da haka Abu Lahabi ya bijire a nan take, don haka kada ka sa ran mutum 40 su amince gaba ɗaya.

Rabin aikinka kafin ranar taro yake. Ka je gidan mutum huɗu ko biyar waɗanda ake jin maganarsu, kuma lallai ka haɗa da wanda ya fi kowa zafi a kan kuɗin da suka ɓata. Ka tambaye shi wane sharaɗi zai sa hankalinsa ya kwanta. Abin da ya faɗa, in mai yiwuwa ne, ka sa a cikin tsarin, ranar taro kuma ka ce shawararsa ce. Da wuya mutum ya miƙe ya rushe abin da ya sa hannu aka gina. Sannan ka je wajen dillalan taki uku, ka rubuto farashin buhu da ranar da ka tambaya.

Ranar taro, minti ɗaya ya ishe ka sallama da gaida manya bisa matsayinsu. Kada ka tsallake wannan, kada kuma ka ja shi. Minti biyu na gaba ka taɓo tsohon miki da bakinka kafin wani ya taɓo maka: "Na san an taɓa tara kuɗi ba su dawo ba. Duk wanda ke ɗari-ɗari yau yana da gaskiya." Ka tsaya nan. Kada ka ambaci suna, kada ka zagi kowa, domin ƙanne da surukan waɗancan mutanen suna zaune a gabanka, kuma da zarar ka taɓa ɗan'uwansu sun daina jin lissafinka.

Minti uku ka ba wa lissafi, amma lamba uku kacal: abin da kowa zai bayar, jimillar da za a tara (naira 800,000 idan kowa ya shiga), da adadin buhun da za ta saya a farashin da ka rubuto. Kunne ba ya riƙe lamba bakwai. Sauran bayani ka rubuta a takarda a zagaya da ita. Minti uku kuma su ne zuciyar jawabin, wato matakan tsaro. Kuɗi a asusun banki da sunan ƙungiya, da masu sa hannu uku waɗanda taro zai zaɓa, ba a cire ko sisi sai biyu sun sa hannu. Kowa ya biya a ba shi rasit. A karanta shiga da fita a kowane zama. A sa ranar da idan ba a sayi takin ba za a mayar wa kowa kuɗinsa. Abin da ya fi duka ƙarfi: ka ce kai ba za ka kasance cikin masu sa hannu ba, kuma ka ajiye naka 20,000 ɗin a gaban kowa. Mutane suna gaskata maganar da suka ga ta ci wa mai yin ta wani abu.

Minti na ƙarshe ka nemi abu guda, ƙarami, wanda za a iya yi a wajen: a zaɓi mutum ukun nan yau, a kuma rubuta sunan masu shiga. Idan ka rufe da "sai a je a yi tunani", an tafi ke nan.

Abu biyu ke yawan ɓata irin wannan jawabi. Na farko yawan rantsuwa. Wallahi ɗaya tana da nauyi, amma idan ta kai biyar sai a fara tunanin me ake ɓoyewa. Na biyu alƙawarin da ba a hannunka yake ba, kamar cewa tabbas za a ci riba. Ka faɗa musu da kanka cewa farashi yana iya sauka idan gwamnati ta kawo taki mai rangwame, kuma taki yana iya dunƙulewa idan ɗakin ajiya yana da danshi, sannan ka faɗi inda za a ajiye shi da wanda zai riƙe makulli.

Ina aiki a wani ƙaramin asibiti a karkara. Iyaye mata suna kawo jarirai rigakafin farko, amma da yawa ba sa dawowa. Nakan nuna musu hotunan yaran da cuta ta nakasa, su yi ta salati, amma ba abin da ya canza. Ina kuskurena? — Wata ma'aikaciyar lafiya daga Jigawa

Malama, tsoratarwa tana motsa zuciya, amma ba ta nuna wa ƙafa hanya. An gwada wannan a Jami'ar Yale da ke Amurka, aka buga sakamakon a 1965. Howard Leventhal da abokan aikinsa sun ba ɗalibai bayani kan cutar sarƙe-haƙora, wasu mai firgitarwa sosai, wasu mai sauƙi. Waɗanda aka firgita sun fi cewa za su je a yi musu allura, amma wajen zuwan babu wani bambanci. Abin da ya kawo bambanci shi ne taswirar da ke nuna inda asibitin makarantar yake, da lokutan da ake yin allurar, da neman kowa ya duba jadawalinsa ya zaɓi lokacin zuwa. Cikin waɗanda aka ba wannan, kusan kashi 28 cikin ɗari sun je. Cikin waɗanda ba a ba su ba, kusan kashi 3.

Saboda haka ki rage hotuna, ki ƙara bayani takamaimai. Allurar da ake yi wa jariri yana da sati 6, 10 da 14 sai an cika ukun take ba da kariya yadda ya kamata, kuma uwa da yawa tana ɗaukar ta farko ta wadatar domin ba wanda ya gaya mata. Kada ki ce "ki dawo bayan sati huɗu". Ki ce "ki dawo ranar Talata, kasuwa huɗu daga yau, da hantsi", ki rubuta a katin, ki sa ta maimaita miki da bakinta. Ki tambaye ta wa zai kawo ta, wa zai zauna da sauran yara.

Sai batun da ke karya amana a ɓoye. Jariri yakan yi zazzaɓi da kuka, wurin allurar ya ɗan kumbura na kwana ɗaya ko biyu. Idan ba ki faɗa ba tun kafin a yi, uwa ta kwana ba barci, da safe kaka ta ce ai dama ta faɗa, to kin rasa gidan nan da maƙwabtansa. Idan kuwa kin riga kin ce "yana iya yin zazzaɓi daren yau, ga abin da za ki yi, idan ya wuce kwana biyu ko ya ƙi shan mama ki dawo da shi", zazzaɓin da kansa zai zama shaidar cewa gaskiya kike faɗa.

Ki kuma duba ko da mai yanke hukunci kike magana. A gidaje da yawa izinin fita a hannun maigida yake, ra'ayi kuma a hannun uwar miji. Su ba sa zuwa asibitinki, kuma ba lallai muryarki ce za su fi saurara ba. Tarihin rigakafin shan-inna ya nuna haka. A 2003 an dakatar da shi a Kano saboda zargin an gurɓata shi, zargin da ya sami gindin zama domin mutane ba su manta da gwajin maganin sanƙarau da kamfanin Pfizer ya yi a Kano a 1996 ba. Ƙarin takardun bincike kaɗai bai dawo da jama'a ba. An ci gaba a watan Yulin 2004 bayan an samo maganin daga Indonesiya, bayan haka gwamnan jihar na lokacin ya kawo 'yarsa aka ɗiga mata a bainar jama'a, daga baya kuma sarakuna da malamai suka shiga aikin gadan-gadan. A ranar 25 ga Agusta, 2020 aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali. A matakinki ma haka ne: ki sami mai unguwa, da liman, da ungozoma, ki yi musu bayanin da kika yi wa iyaye mata, har da batun zazzaɓin, su kai shi majalisa da gidan suna.

Ina aji biyar a sakandare, ina cikin masu wakiltar makarantarmu a gasar muhawara. Malaminmu ya ce kada mu taɓa ambaton hujjar abokan karawa don kada mu ƙarfafa su. Haka ne? — Wata ɗaliba daga Zariya

'Yarmu, maganar malaminku tana da gurbinta, amma zauren muhawara ba ya cikinsa. A ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, Carl Hovland da abokan aikinsa sun gwada wannan a kan sojojin Amurka, aka buga sakamakon a 1949. Ana so a gamsar da su cewa yaƙi da Japan zai daɗe. Wasu an kawo musu hujjar ɓangare ɗaya, wasu an haɗa musu da hujjar masu ganin akasin haka. Ɓangare ɗaya ya fi tasiri ga waɗanda dama sun yarda. Ɓangare biyu ya fi tasiri ga masu adawa tun farko da waɗanda suka fi zurfin karatu. Alƙalan gasa suna cikin rukuni na biyu, kuma ko kin yi shiru za su ji hujjar daga bakin abokan karawarki.

Ki zaɓi hujjarsu mafi ƙarfi guda ɗaya, ki faɗe ta yadda su kansu za su gyaɗa kai. Ki amince da abin da yake gaskiya a cikinta, sannan ki nuna inda ta gaza. Idan batun shi ne makarantar kwana ta fi ta jeka-ka-dawo, kina iya cewa: "Gaskiya ne kuɗin makarantar kwana ya fi yawa, kuma ba kowane uba ke iyawa ba. Amma tambayar da aka ba mu ita ce wacce ta fi wa ɗalibi amfani a karatu." Kuskure biyu ki kiyaye: ki kawo hujjarsu a raunane don ki ji daɗin rushe ta, alƙali zai gane, ko ki kawo ta da ƙarfi lokaci ya ƙure ba ki amsa ba. Ki sa ta a tsakiyar jawabi, ki buɗe kuma ki rufe da naki.

Ni na'ibin liman ne. Ina shirya huɗuba sosai, da ayoyi da hadisai masu yawa, amma ina hango mutane suna gyangyaɗi. — Wani almajirin ilimi daga Damagaram

Allah ya gafarta Malam, mai yiwuwa yawan shirin ne ya jawo. A cikin Sahihu Muslim, Ammar ɗan Yasir ya ruwaito cewa tsawaita salla da gajarta huɗuba alama ce ta fahimtar mutum. Abdullahi ɗan Mas'ud ranar Alhamis kawai yake wa mutane wa'azi, da aka nemi ya riƙa yi kullum sai ya ce yana gudun ya gundure su. Malaman balaga, irin su Shehu Abdurrahman al-Akhdari mai Jauharul Maknun (shi ne dai mai Ahalarin da muka fara karatun zaure da shi), sun gina fannin ne a kan dacewar magana da halin wanda ake yi wa ita. Mutumin da ya rufe shago da azahar, yana zaune a rana a sahun waje, halinsa ba ɗaya ba ne da ɗalibin da ya zo darasi bayan asuba.

Ka tsayar da huɗuba a kan mas'ala ɗaya wadda za ka iya faɗa a jimla guda. Aya ɗaya ko biyu, hadisi ɗaya ko biyu, misali ɗaya daga rayuwar garin, kamar tauye mudu ko riƙe bashi alhali akwai halin biya, sai aiki ɗaya da kake so a yi kafin wata Juma'a. Jimlar nan ka maimaita ta a farko, a tsakiya, da ƙarshe. Anas ya ruwaito cewa Annabi (SAW) yakan maimaita magana sau uku don a fahimce ta, Nana A'isha kuma ta ce da mai ƙirge zai ƙirga kalmominsa da ya ƙirga. Ka naɗi muryarka a waya kana karanta huɗubar a gida, ka duba agogo. Idan ta haura minti goma sha biyar ka yanke, kuma abin da ka yanke ya zama huɗubar wani makon. Ka saurari naɗin ka ji ko muryarka a hawa ɗaya take daga farko har ƙarshe. Ɗaga murya ba tsayawa yana kawo barci kamar yadda yin ƙasa-ƙasa da ita yake kawowa. Bayan jimla mai nauyi ka yi shiru na numfashi biyu, ka ɗago ido daga takarda.

Idan wani ya jefo mini tambayar cin fuska a taro, yaya zan yi? — Wani shugaban matasa daga Kumasi

Ka bar shi ya gama, kada ka katse shi. Ka maimaita tambayar da murya a kwance, ka cire mata zagin ka bar ainihinta: "Ɗan'uwa yana tambaya ina kuɗin gyaran rijiya suka shiga." Ka amsa kana kallon taro gaba ɗaya, domin idan ka kafe shi da ido abin ya koma sa-in-sa tsakanin mutum biyu. Idan ba ka da amsa, ka ce ba ka da ita yanzu, ka sa ranar da za ka kawo, kuma ka cika. Kada ka ƙago lamba don ka fita kunya, akwai wanda ke rubutawa. Idan ya sake tashi karo na uku, ka ce za ka tsaya da shi bayan taro, ka ba wani dama.

Malamai, duk waɗannan dabaru ba su ne 'yan damfara da wasu 'yan siyasa suke amfani da su a kanmu ba? Ina bambanci? — Wata 'yar kasuwa daga Kantin Kwari, Kano

Hajiya, tambayarki tana kan hanya, kuma hadisi ya tabbatar cewa daga cikin iya bayani akwai mai kama da sihiri. Kayan aikin kusan ɗaya ne. Ga mai magana, ma'aunin da muke ba da shawara shi ne ya tambayi kansa: da masu sauraro za su san duk abin da na sani, da kuma dalilin da ya sa na tsara maganar haka, za su ci gaba da amincewa? Sakataren manoman da ke sama yana iya gaya wa jama'arsa a fili cewa ya ajiye kuɗinsa ne don hankalinsu ya kwanta, kuma ba abin da zai ragu. Ɗan damfara ba zai iya cewa ya kawo masu ba da shaida ne don kada a tambaye shi inda riba take fitowa ba.

Ga mai sauraro kuma, tsarin zuba kuɗi na MMM da ya daskarar da kuɗin ɗimbin 'yan Najeriya a watan Disambar 2016 ya isa abin nazari. Ya yi alƙawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata, hujjarsa kuwa ita ce mutanen da aka riga aka biya, waɗanda da kuɗin sababbin shiga aka biya su. Ire-irensa suna ta dawowa da sabon suna, wani lokaci da rigar addini. Alamominsu ba sa canzawa: gaggawa ("yau za a rufe"), riba tabbatacciya wadda ba a ambaton asara tare da ita, jingina da sunan wani babba wanda ba za ki iya zuwa ki tambaye shi ba, da nuna miki cewa tambaya rashin yarda ce ko rashin tawakkali.

Duk wanda ya zo miki da magana mai daɗi a kan kuɗi, ki yi masa tambaya uku. Wace sana'a ce take haifar da wannan ribar, kuma zan iya zuwa in gan ta da idona? A wane hali zan yi asara, kuma nawa? Me kai za ka samu idan na shiga? Sannan ki ce sai bayan kwana uku za ki ba da amsa, ki nemi ya bar miki bayanin a rubuce da lambar rajistar kamfanin. Lambar ana iya duba ta a shafin intanet na hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, amma ki sani rajistar CAC tana nuna kamfanin yana nan ne kawai. Izinin karɓar kuɗin jama'a don zuba jari daga hukumar kula da kasuwar hannun jari ta SEC yake fitowa, na ajiya kuma daga Babban Bankin Najeriya, don haka ki duba sunan a jerin waɗanda suka ba wa lasisi kafin ki fitar da ko naira ɗaya.